Shekarar da Ganga Ta Shigo Gidanmu

Bilki, ke kika ja ni ga wannan babin. Kin dawo daga wani suna a Catford fuskarki a murtuke, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki ta ce wa ta kusa da ita, ai 'yar Mai Ganga ce. Kika tambaye ni ma'anar hakan da Turancin nan naki mai sauri, ni kuma na ce ki zauna ki ci abinci tukuna. To, ga amsar yau, ke da yayanki da duk wanda kuka haifa. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba, kuma ko yana da rai ma ba zai yi ba, don kun san halinsa. Ni kuwa bakina ba ya ciwo. Ku buɗe kunnuwanku: babanku bai taɓa dafa giya ba, bai taɓa sayar da ita ba, bai taɓa kai ta bakinsa ba. Sau ɗaya tak ta taɓa jikinsa, a gabana aka yi, kuma zan gaya muku yadda abin ya faru.

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a Tottenham, a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, hawan ƙasa, mai ɗan fili a baya da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Babanku karatun injiniya ya kawo shi ƙasar nan. Gwamnatin jiharmu ta daina ɗaukar nauyinsu ana tsakiyar karatu, sa'o'insa wasu suka koma gida, shi kuwa kunyar komawa Zariya hannu rabbana ta hana shi. Ya shiga wani gareji yana walda. Ba ya ƙorafi, amma ni da nake wanke kayan aikinsa na san abin yana cin sa. Abu ɗaya ya rage masa da yake ɗaga kai da shi a cikin mutane, shi ne wankan gawa. A wurin mahaifinsa ya koya tun yana saurayi. A lokacin, in Bahaushe ya mutu a London, sau da yawa ba uwa ba uba a kusa, sai takardun asibiti da firjin ajiye gawa. Babanku ake bugo wa waya, shi da amininsa Baba Seidu, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ke gadi a wani kanti. Su biyu suke zuwa, su yi wa mamaci wanka, su sa shi a likkafani, ba sa karɓar ko kofin shayi. In babanku ya dawo daga irin wannan aikin, ranar ne kawai nake ganin kafaɗunsa sun miƙe.

Ni kuwa koko ne sana'ata. Mutanen Ghana da na Nijeriya, duk wanda ya yi kewar gida ya san ƙofata, musamman da azumi. Gero a shagon Indiyawa nake samu. In jiƙa, in markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono, in tace, in bar gasara ta kwanta ta yi tsami. To a nan gizo ke saƙar, don garin nan bai san zafi ba. A gida kwana ɗaya gasara ta yi abin da ake so. A Tottenham sai ta zauna a bokitin roba tana kallona kamar baƙuwa, ba tsami ba ƙanshi, in kuma na ƙara mata kwanaki ta yi wani wari kamar na tsumma, samanta ya yi furfura. Sau nawa na zubar a bandaki ina zage-zage! Azumi yana matsowa, mata suna ta bugo waya suna yin booking, ni ina ta faɗa da bokitai.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne ɗan ƙasar Ailan, muna ce masa Baba Bature. Mutumin kirki, shi kaɗai yake zaune, kuma yana haɗa giyarsa da kansa a ɗan rumbunsa na baya. Shi ya ji ina mita ta kan katanga, ya ce wa babanku roba ce matsalata. A samo gangar giya ta ƙarfe, irin wadda ake kai wa mashaya, da suke ce wa keg. Ƙarfenta ba ya tsatsa, ba ya riƙe wari, yana riƙe ɗumi. A yanke samanta, a sa mata famfo da murfi, a ajiye ta kusa da boila, wato na'urar ɗumama ruwan gida. Da babanku ya zo mini da maganar na ce a'uzubillahi, gangar me? Ya ce in kwantar da hankalina. Ranar Juma'a ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har masallacin Regent's Park, bayan salla ya tambayi wani malami, malamin ya ce masa ƙwarya ko tukunya ko ƙarfe, in an wanke najasa ta fita, ya tsarkaka. Sai ya je wurin 'yan gwangwan na Turawa, inda yake sayo ƙarfen aiki, ya samo wata tsohuwar ganga da aka daina amfani da ita, ya ɗauko ta a bayan motar gareji.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, gangar giya ba ta zama wofi. Ko an ce ta ƙare, akwai ragowa a gindinta, kuma akwai iska a matse a ciki. Duk yaron da ya tashi a gidan mashaya ya san sai an kwantar da ita a gefe, an rufa tsumma a bakin, an kau da fuska, sannan a saki iskar. Baba Bature bai faɗa ba don a ganinsa wa bai san wannan ba? Mu kuwa ina muka sani? Ni 'yar liman ce, shi ɗan mai wankan gawa. Ranar Asabar da hantsi, ana yayyafi, babanku ya mirgino ta cikin kicin. Ya girgiza ta, muka ji ɗan motsin ruwa, ya ce ruwan sama ne ya shiga. Yana sanye da farar jallabiyarsa ta zaman gida. Ya tsaya a kanta, ya sunkuya, fuskarsa daidai bakin, ya ɗora sukudireba a kan ɗan ƙwallon da ke tsakiyar bawul, ya ce bismillah, ya danna.

Kai! Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Abin ya yi tsiri har silin, ya wanke masa fuska da gemu da ƙirji, ya sauko mana a ka kamar ruwan kwata. Tsohuwar giya ce da ta yi watanni tana ruɓa, launin fitsarin jaki, warinta kuwa har yau in na wuce ƙofar mashaya sai ya dawo mini. Babanku ya ja da baya yana tofar da yawu, idanunsa sun yi jawur, yana tangaɗi don ba ya gani. Ni ina salati ina neman tawul. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka Baba Bature ne ya ji ƙarar, na ruga na buɗe don ya zo ya ga aikinsa.

Alhaji Mumuni ne, ƙanen Baba Seidu, shi da wani mutum da ban sani ba. Alhaji Mumuni yana da shagon kayan abinci a Seven Sisters, kuma shi ne mai faɗa a ji a ƙungiyar mutanenmu. Wani ɗalibi ɗan Katsina ne ya rasu a asibiti, suka zo ɗaukar babanku. Kafin ya gama sallama warin ya riga ya tarye shi. Ya leƙa ta kafaɗata. Ga ganga a tsakar kicin da tambarin kamfanin giya a jikinta, ga babanku yana dafe da bango, gemu yana ɗiga, ido ja.

"Innalillahi," in ji Alhaji Mumuni da Hausarsu ta zango. "Malam, wannan ganga na giya ne ko ido na ne?"

"Na giya ne a da, Alhaji," in ji babanku. "Na koko za ta zama. Ban san da saura a ciki ba. Ku ba ni ɗan lokaci in yi wanka in canza kaya, sai mu tafi."

"A'a, zauna ka huta. Za mu samu wani."

Na ce, "Alhaji, ka shigo ka gani da idonka mana! Ga gero can a jiƙe!"

Bai ko kalle ni ba. Ya tattare bakin rigarsa kada ta taɓa dokin ƙofa, suka juya. Babanku ya yi wanka, ya sa kaya masu tsarki, ya zauna kusa da waya har la'asar. Ba ta yi ƙara ba.

Washegari ya ci gaba da aikinsa kamar ba abin da ya faru, don a tunaninsa gaskiya za ta bayyana da kanta. Ya kai gangar gareji ya yanke samanta, ya zare dogon bututun da ke ciki, ya goge bakin har ya yi sulɓi kada ya yanke ni. Ya huda gefe ya yi waldar famfo, sama kaɗan da inda gasara za ta kwanta, don in riƙa tsiyaye ruwan tsami ba tare da na dama ta ba. Ya goge tambarin kamfanin da injin har ya ɓace. Ya dawo da ita gida ya wanke da tafasasshen ruwa da soda, ya zubar, ya sake, ya sake, har fatar hannunsa ta yi fari. Ya samo murfin babbar tukunya ya zagaye shi da roba, ya huda tsakiya ya sa siririn tiyo da ke shiga cikin kwalbar ruwa, yadda iskar tsami za ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Muka naɗe ta da tsohon bargo muka tura ta ɗan ɗakin boila. Ranar da na buɗe, ƙanshin da ya bugi hancina na tsakar gidanmu ne a Zariya. Na dama, na kurɓa, na zauna a ƙasan kicin na yi kuka. Tunda na zo ƙasar nan ban yi koko mai kyaun wannan ba, kuma ba wanda ya zo saye.

Magana ta riga ta zaga. A Tottenham an ce an same shi a buge da hantsi. Kafin ta kai Catford an ce muna da masana'anta a bayan gida, muna sayar wa Turawa. Matan da suka yi booking suka riƙa bugowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce an yi cancel ɗin taron, waccan ta ce likita ya hana mijinta tsami. Wata, ba zan faɗi sunanta ba don jikokinta abokanku ne, ta zo wai gaishe ni. Ta ce za ta kama ruwa, ta bi ta buɗe ɗakin boila, ta ji kwalbar tana ɓul-ɓul, ta fito ko mayafinta ba ta gyara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, cikin masu ɗaga murya akwai waɗanda babanku da kansa ya sha ɗauko su daga bakin titi ya kai su gida a asirce, ba su san inda kansu yake ba. Na ce masa wallahi sai na je na lissafa su ɗaya bayan ɗaya a gaban matansu. Ya ce in na yi haka bai yafe ba. Haka na haɗiye, kuma har yau abin bai bar ni ba.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi dattawan ƙungiya suka kira shi bayan Juma'a. Suka ce abu biyu suke so: ya fitar da gangar a gaban shaidu ya jefar, sannan ya miƙe a gaban jama'a ya nemi gafarar Allah. In ya yi, an wuce wurin, ya koma kan aikinsa. In bai yi ba, ba za a sake ba shi gawar Musulmi ba. Baba Seidu ne ya rako shi gida ranar, suka zauna a falo, ina jin su daga kicin.

"Ƙanina, ƙarfe ne kawai," in ji Baba Seidu. "Jefar da shi. Istigfari kuma kullum muna yi, wane ne ba shi da zunubi?"

"Yaya, gangar ba ta dame ni ba, gobe ma sai in kai ta bola. Amma in na miƙe a gabansu na ce na tuba, me na ce? Na ce na sha ke nan. Ƙarya zan yi wa kaina a cikin masallaci don a bar ni in taɓa gawa? Da wane hannun zan taɓa ta?"

Na fito na ce, "Malam, ka dubi yaran nan. Ka faɗa da baki kawai, Allah ya san zuciyarka."

Ya ce, "Shi ya sa ba zan faɗa ba."

Na yi fushi da shi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba magana. Ina ganin taurin kai ne, wani lokacin kuma in ga ya fi mu gaskiya duka, har yau ban gama raba su ba. Gangar ta zauna, tunda fitar da ita kaɗai ba zai gamsar da kowa ba. Waya ta daina ƙara. Mutane suka ci gaba da mutuwa, sai dai mu ji labari bayan an binne. A masallaci ana amsa masa sallama, amma in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya tuna yana da magana da wani a can gefe. Yayanki ya dawo daga makarantar Islamiyya ta ranar Asabar ya ce ba zai koma ba, bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mutum ɗaya ne bai canza ba. Kullum da safe in Baba Seidu ya tashi daga gadi sai ya biyo da flas ɗinsa, ya zauna a kicin, ya sa in tsiyayo a gabansa in dama, ya sha, ya cika flas, ya bi ta gaban shagon ƙanensa da shi a hannu. Ya yi wa Alhaji Mumuni magana har ya gaji. Shi kuwa ya ce abin da idonsa ya gani da hancinsa ya ji ba wanda zai kankare masa.

A hunturun da ya biyo Baba Seidu ya kwanta. Ciwon ciki ne irin wanda ba a tashi. Muka je duba shi a asibiti, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ƙanensa yana zaune a gefe, ɗansa Rashid yana tsaye, saurayi ne a lokacin, haihuwar nan, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Baba Seidu ya kamo hannun babanku ya ɗora a ƙirjinsa.

"Mumuni, ka ji da kunnenka. Wannan hannu ne zai wanke ni."

Alhaji Mumuni ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Yaya. Bar wannan magana."

Bai kai mako ba ya cika. Ba wanda ya bugo mana sai Rashid. Muka tafi masallacin da ake yi wa mamatanmu wanka, a wani ɗaki a ƙasan bene. Mata muna zaune a kan matakala da wani ɗan falo, daga inda nake ina hango ƙofar ɗakin. Babanku ya zo da jakarsa, da garin magarya da kafur da tsummokin da ya yanka da kansa. Alhaji Mumuni ya tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, ka ji wasiyyarsa," in ji babanku.

"Na ji maganar mara lafiya. Ni ne waliyyinsa. Ɗansa da ɗana za su yi."

"Ba su taɓa yi ba."

"Za su koya yau."

Na miƙe zan yi magana, wata tsohuwa ta riƙe mini zane. Babanku bai ɗaga murya ba, don ba a hayaniya a kan gawa. Ya miƙa wa Rashid jakar, samarin biyu suka shiga, aka rufe. Alhaji Mumuni da kansa bai shiga ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya hau sama wurin masu gaisuwa. Babanku ya tsaya a wurin shi kaɗai. Can sai ƙofar ta ɗan buɗe, na ji muryar Rashid yana cewa Uncle, bai san ta ina zai fara ba. Da babanku ya so, da ya tura ƙofar ya shiga, ba mai hana shi. Bai shiga ba, tunda mai hakki ya ce a'a. Ya matsa ya jingina goshinsa da katakon ƙofar, ya fara magana a hankali.

"Ka yi niyya, ɗana. Ka rufe masa daga cibiya zuwa gwiwa. Ka ɗaga shi kaɗan ka shafa cikinsa, a hankali, kamar yana jin ka. Ka naɗe tsumma a hannunka na hagu."

Haka ya bi da su, alwala, kai da gemu, ɓangaren dama, ɓangaren hagu, magarya, kafur a na ƙarshe. In Hausa ta gagari yaran sai ya juya da Turanci. Ni kuwa hannuwansa nake kallo. Suna ta aiki a cikin iska, suna ɗagawa, suna juyawa, suna shafawa, shi bai ma san suna yi ba. Matan da ke kan matakala duk suka zuba masa ido. Wasunsu suna hawaye, cikinsu har da wadda ta buɗe mini ɗakin boila, kuma hawayenta bai rage mini komai ba.

Aka yi salla, aka kai shi, babanku yana sahun baya. Da yamma muka kamo hanyar gida a motar gareji. Mun kusa Tottenham sai na ga ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na ɗauka wani abu ya lalace. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

"Ruwan," ya ce.

Na ce, "Wane ruwan, Malam?"

"Famfon ɗakin nan na sanyi ne, kamar ƙanƙara. Sai an dafa wani a sama an sauko da shi an sirka. Ban gaya musu ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, hannuna nake sawa in ji."

Na ce masa mamaci ya riga ya wuce jin sanyi, wanka ya yi, Allah ya karɓa. Bai ji ni ba. A zamanmu duka ban taɓa ganin hawayen babanku ba, ko da labarin rasuwar mahaifiyarsa ya zo, sai ranar, a gefen titi, motoci suna wucewa suna watsa mana ruwa.

"A watan sanyi, Hajiya," ya ce. "Ina tsaye a bakin ƙofa aka yi wa Yaya Seidu wanka da ruwan ƙanƙara."